Wannan "b" da ke wutsiyar thumb, wa ya gayyato shi?

Abban 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi gare ni, amma gara in tambayi masu sani kafin in je in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Jiya bayan isha'i ina duba wa Hassana aikin gida, ajinsu huɗu na firamare, ana koya musu sunayen gaɓoɓin jiki da Turanci. Ta iso kan babban yatsa, wato thumb, sai na ji ta ce "tomb", ta buga b ɗin nan da ƙarfi kamar mai rufe ƙofar langa-langa. Na ce a'a, ba a faɗar b ɗin. Yarinya ta kafe wai haka Anti ta ce, har sau goma ta sa su maimaitawa a aji. Da na matsa sai ta ɗago kai ta ce, "To Abba, in ba a faɗarsa, don me aka rubuta shi?" Wallahi nan na yi tsit, uwarta na gefe tana mini dariya. Kuɗin makarantar nan ba kaɗan muke biya ba. Gobe ina son in leƙa wurin malamar, amma ina so in je da hujja. Malama Mai Alli, ki taimaka.

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Abban 'Yan Biyu, kai ne da gaskiya, ba a furta shi. Kalmar tana ƙarewa ne da m, leɓe a rufe, ƙarshenta ɗaya da na come da some. Wasalin ma ba "o" ba ne, ya fi kusa da gajeren "a" namu na cikin "dam". Farkon kuma harshe ake ɗan turowa tsakanin haƙora a huro iska. Nan ne mu Hausawa muke zamewa mu ce "sam", 'yan Kudu su ce "tom".

Amma tambayar Hassana ta fi taka daɗi. Wannan b ɗin baƙo ne, ba ɗan gida ba. A tsohon Turanci, shekaru dubu da suka wuce, kalmar þuma ce, babu b ko ƙyallinsa. Wannan harafi na farko mai kama da p da aka ƙara wa wuya shi ne th na wancan zamani, har yau mutanen Aisland suna rubutu da shi. Ka duba 'yan uwan Turanci: Jamusawa na cewa Daumen, mutanen Holand duim, na Suwidin tumme. Duk ba b. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 13 ya fara leƙowa a rubuce.

Yadda abin ya faru: akwai kalmomin da b ɗinsu na gado ne, kamar lamb da comb da climb da dumb, a da ana furta shi. Sannu a hankali baki ya gaji ya daina faɗa, alƙalami kuwa bai daina rubutawa ba. Daga nan marubuta suka ɗauka ai duk kalmar da ta ƙare da m ta cancanci b a bayanta, suka bi suna liƙa wa waɗanda ba su taɓa mallakarsa ba. Haka thumb ta samu nata, haka limb da crumb da numb.

Sarkin Gardama:
Malama, da girmamawa, ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Bature da kansa ya rubuta abin da ba ya faɗa, sai mu ne za mu ji kunya? Mutum miliyan nawa ne a ƙasar nan ke cewa "plomba" da b ɗinsa ƙiri-ƙiri idan famfo ya lalace, kuma mai gyaran yana zuwa? Turancinmu ne, mun saya da kuɗinmu. Anti ta bi abin da ido ya gani, ba ta yi sata ba.

Baba Hedimasta:
Yaro, je ka gaya wa masu shirya jarrabawar WAEC haka. Akwai takarda sukutum a kan furuci, kuma haruffan da ba a furtawa suna cikin abin da suka fi son tarko da shi. Shekara 33 na yi ina riƙe da alli. Yaron da aka koya wa kuskure yana ɗan shekara 9, sai ya yi gemu yana fama da shi. A kasuwa faɗi yadda ka so. A aji, a koyar da daidai.

Sarkin Gardama:
Allah ya ba ka haƙuri Baba, na janye rabi. Rabin kuma ina riƙe da abina.

Malama Mai Alli:
Riƙe, ba wanda zai ƙwace. Bari in ƙara wani abu da nake jin daɗinsa. Masu bin salsalar kalmomi suna mayar da thumb ga wani tsohon tushe mai ma'anar kumbura. Wato sunan nasa a asali "kumburarren yatsa" ne, ko "mai kauri". Daga wannan tushen suke fitar da thigh, cinya ke nan, da tumour ta hanyar Latin, wato ƙari, har ma da thousand, kamar a ce ɗari ce ta kumbura ta zama dubu. Mu muka dubi yatsan muka ce babba, su suka dube shi suka ce ƙato. Ido ɗaya ne.

Tela Ɗan Kwari:
Malama ni fa ɗinki na sani ba boko ba, amma akwai ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ake sa wa yatsa don kada gindin allura ya huda mutum. A jikin kwalinsa an rubuta thimble. Yana da haɗi da wannan, ko kama ce kawai?

Malama Mai Alli:
Maigida ai ka harbo tsuntsu. Ɗanta ne na cikinta. A tsohon Turanci þymel ne, ma'ana suturar babban yatsa. Abin dariyar shi ne a thimble ana furta b ɗin sarai, alhali nan ma shigowa ya yi daga baya, don baki ya samu matakala tsakanin m da l. Haka crumb ba a faɗar b, crumble ana faɗa. In ɗalibi ya ce Turanci ba shi da alƙibla, ban cika musa masa ba.

Tela Ɗan Kwari:
To ai mu a yatsan tsakiya muke sa shi. Mahaifina kuwa, Allah ya jiƙansa, da yake ɗinkin hannu yake yi na manyan riguna, guntun fata yake naɗawa. Har ya rasu gefen yatsansa kamar ƙahon rago don kanta.

Uwargida Ran Gida:
Tunda an taɓo wannan kalma, bari in sauke abin da ke raina. Kwanaki aka turo mini wani bidiyo, wata mata tana bayani cewa maganar nan rule of thumb da 'yan boko ke yawan yi a taro, asalinta wata doka ce a Ingila da ta halatta wa miji dukan matarsa muddin sandar ba ta fi babban yatsansa kauri ba. Tun ranar in na ji wani ya faɗe ta a ofis sai in ji tsigar jikina ta tashi. Su ne kuma kullum suke nuna mu da yatsa a kan haƙƙin mata. Lauyan Zaure, gaskiya ne?

Lauyan Zaure:
Hajiya, amsar gajeruwa ita ce a'a, ba daga nan maganar ta fito ba. Amma ki ba ni dama in warware, don akwai zare biyu da aka murɗe wuri ɗaya.

Zare na farko, ita kanta maganar. Mafi tsufan wurin da aka same ta a buge shi ne cikin wa'azozin wani mai wa'azi ɗan Sikotland, James Durham, da aka buga a 1685, bayan mutuwarsa. Yana sukar wasu mabiya ne, ya kamanta su da wawayen magina masu gini da kintace da awon yatsa, maimakon su sa sukwaya da ma'auni. Kin ga babu mace, babu sanda. Magana ce ta masu sana'a: kafinta ko magini da ya ƙware har ya daina ɗauko tef, sai ya ɗora yatsa ya ce ya yi. Ma'anarta ke nan har gobe, wato ƙa'idar da gogewa ta haifar, ba lallai ta zama daidai cif ba amma tana fitar da mutum kunya. Kamar yadda ke ba kya auna gishirin miya da sikeli.

Zare na biyu, labarin sanda. A 1782 aka yi ta yaɗa cewa wani alƙalin Ingila, Sir Francis Buller, ya faɗi wannan magana ta kaurin yatsa. Mai zanen barkwanci James Gillray ya zana shi ɗauke da damin sanduna, ya laƙaba masa Judge Thumb, wato Alƙali Babban Yatsa. Sai dai babu wani kundin shari'a da aka samu hukuncin a ciki, kuma babu wata doka ta majalisa da ta taɓa cewa haka. Ki lura da shekarun: maganar ta girmi labarin alƙalin da zanen da kusan shekara 100. Ɗa ba ya haifar ubansa.

Haɗa zaren biyu kuwa sabon abu ne, a Amurka aka yi shi cikin shekarun 1970, lokacin da masu fafutukar kare mata suka tashi tsaye. A 1982 hukumar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta fitar da rahoto kan matan da ake duka, ta sa wannan magana a cikin sunan rahoton. Daga nan labari ya samu takalmi.

Uwargida Ran Gida:
Barista, na ji. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kana so ka ce mini haka kawai mutane suka ƙirƙiro sanda da yatsa, alhali matan Ingila na zaune cikin ni'ima? Ni wannan wanke su da kake yi bai kwanta mini ba.

Lauyan Zaure:
Wallahi ba wanke su nake ba Hajiya, kuma nan kina da gaskiya babba. William Blackstone, wanda littafinsa na 1765 ya zama madogarar lauyoyin Ingila, ya rubuta cewa tsohuwar doka ta ba miji damar yi wa matarsa horo matsakaici. Bai ambaci yatsa ba, amma dukan yana nan. A Amurka kuma, a jihar North Carolina a 1868, an kai wani gaban kotu don ya zane matarsa, ƙaramar kotu ta sake shi bisa cewa tsumagiyar ba ta kai kaurin babban yatsansa ba. Babbar kotun jihar ta ƙi amincewa da cewa miji na da wannan 'yanci, amma duk da haka ta bar shi ya tafi, wai kotu ba ta shiga sha'anin cikin gida in ba a yi mummunan rauni ba. To kin ga zaluncin gaskiya ne, camfin kaurin yatsa ma ya taɓa shiga bakin alƙalai. Abin da kawai nake cewa, ita wannan jimla ta rule of thumb ba a ɗakin duka aka haife ta ba, a wurin aiki aka haife ta.

Uwargida Ran Gida:
To yanzu ka yi magana. Amma ni dai bakina ba zai faɗe ta ba.

Lauyan Zaure:
Wannan kuma haƙƙinki ne, babu kotun da za ta tilasta ki.

Ɗan Maraɗi:
Sallama ga mutanen Najeriya. Zancen awo da Barista ya yi, mu nan a fili yake gare mu. Da Faransanci babban yatsa pouce ne, kuma inci ɗin da kuke faɗi shi ma pouce ne, kalma guda. In ka je sayen talabijin ko waya, mai shago zai ce maka wannan pouce 32 ce, wannan pouce 6. Wato yatsa 32. Faɗin babban yatsan namiji a wajen gaɓar sama kusan inci guda ne, santimita 2.54. Masu bidiyon YouTube na Faransanci ma in za su roƙi a yaba musu sai su ce a sa musu shuɗin pouce.

Na biyu, ina dariya da kuke ta cewa yatsa. Mu nan farce muke cewa, babban farce. Abin da ku Kanawa kuke kira farce, mu akaifa ce.

Ɗan Waya:
Kai Ɗan Maraɗi ka ruɗa ni. To thumbnail ɗin da muke sa wa bidiyo fa, a wurinku akaifar babban farce ke nan? Jama'a ga wanda bai sani ba, ɗan ƙaramin hoton nan da kake gani kafin ka buɗe bidiyo, shi ne thumbnail, farcen babban yatsa. Ba kwamfuta ce ta ƙago sunan ba, tun ƙarni na 19 Turawa ke kiran ɗan mitsitsin zane ko taƙaitaccen bayani da haka, wai bai fi girman farce ba. Filash ɗin da muke zuba karatu da fina-finai a ciki ma a Amurka thumb drive da yawa ke ce masa. Wani kamfanin Singafo ne, Trek, ya fito da nasa da wannan suna a 2000.

Baba Hedimasta:
Shi inch na Turanci dai ba daga yatsa ya zo ba, daga Latin ne, uncia, kashi ɗaya cikin 12, don inci 12 ke yin ƙafa guda. Ounce ma daga nan take. Amma awo da jiki ai kowa ya yi. Mu muna da taƙi, muna da kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, muna da gaba. Ina yaro kakata in za ta sayi sawaye sai ta zaɓi ɗan kasuwa mai dogon hannu. Bature ma ƙafarsa ya kalla ya ce foot, kuma har yau da hand yake auna tsayin doki, inci 4.

Ɗan Waya:
👍

Baba Hedimasta:
Ka gani ko. Wannan ita ce ɗabi'ar da na tsana. In zauna in rubuta magana da tabarau a hanci, yaro ya miƙo mini yatsa. Jikana ma haka yake mini, in yi masa nasiha mai tsawon kamu biyu a WhatsApp, ya aiko da wannan abin. A gidanmu ko nuna babba da yatsa ba a yi.

Ɗan Waya:
Tuba nake Baba, wallahi jinjina ce. Kwastoma ne ya tsaya mini a kai da waya ta faɗa ruwa, ban samu sukunin rubutu ba. Allah ya ƙara girma.

Sarkin Gardama:
Baba ai abin tarihi ne. Daga Rumawa ya zo. In an yi dambe a filin nan nasu, sarki ya ɗaga yatsa sama an yafe wa wanda aka kayar, ya juya shi ƙasa a kashe. Kowa ya gani a fim.

Malama Mai Alli:
A fim kam an gani. Sarki, wannan ma ɗan uwan labarin sandar Hajiya ne. Abin da Rumawan suka bari a rubuce, kamar mawaƙinsu Juvenal, shi ne cewa jama'a na yanke wa mutum mutuwa da "juyayyen yatsa". Ba su ce ina aka juya shi ba, sama ko ƙasa ko gefe. Wani marubucinsu Pliny kuma ya ce in ana son nuna goyon baya danne yatsan ake yi. Shi ya sa wasu masana, irin su Anthony Corbeill, suke ganin miƙaƙƙen yatsa shi ne alamar kisa, kamar an zare wuƙa, wanda aka dunƙule cikin hannu kuma shi ne a mayar da wuƙa kube. In haka ne, abin da Ɗan Waya ya aiko wa Baba ya fi yadda Baba ke zato muni.

Yatsa-ƙasa da kowa ya haddace daga wani zane ya bazu, na Bafaranshe Jean-Léon Gérôme, 1872, inda ya zana 'yan kallo sun kifar da yatsu suna ihu. Yana nan a gidan adana zane na birnin Phoenix a Amurka. Masu fim daga wurinsa suka kwafa. Shi kuwa yatsa-sama na "komai lafiya", sojojin Ingila sun yi amfani da shi a yaƙin duniya na farko, matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka ƙara baza shi a na biyu. Facebook ya zo ya sa maɓallinsa a 2009, shi ke nan ya shiga aljihun kowa.

Ɗan Maraɗi:
Kuma ba ko'ina yake nufin alheri ba. A Iran tsofaffi zagi suke ɗaukarsa, mai nauyi. Masu nutso cikin teku kuma in sun ɗaga shi, nufinsu mu hau sama, ba wai lafiya lau ba.

Lauyan Zaure:
Ku bar ganin abin wasa ne. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke hukunci a kansa. Wani mai sayen amfanin gona ya tura wa manomi hoton takardar ciniki ta waya, ya ce ya tabbatar. Manomi ya mayar masa da wannan yatsan. Lokacin kai kaya ya yi, farashi ya tashi, manomi ya ce shi nufinsa kawai "na ga saƙo". Alƙali ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajerun amsoshi, ya ce wannan yatsa sa hannu ne, ya sa shi biyan diyyar sama da dalar Kanada 82,000. 'Yan kasuwarmu masu ciniki a WhatsApp, ku ji da kyau.

Tela Ɗan Kwari:
Innalillahi. Ni da nake danna shi ga duk wanda ya ce ɗinkinsa ya fito kafin Sallah.

Uwargida Ran Gida:
Ai kai Tela ko da Alƙur'ani ka rantse ba mai yarda, balle yatsa.

Lauyan Zaure:
In kun duba, dangwale ne ya dawo ta wata ƙofa. Thumbprint da muke gani a takardun banki da na fili. Wani jami'in mulkin mallaka a Bengal ta Indiya, William Herschel, shi ya fara sa ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takarda a 1858, daga baya ya koma kan yatsu. Wani masanin Ingila, Francis Galton, ya fitar da littafi kan zanen yatsu a 1892, 'yan sandan Landan suka buɗe sashensa a 1901. Mu kuma har muka mayar da shi sunan zaɓe gaba ɗaya. Ɗan siyasa ba ya cewa ku zaɓe ni, cewa yake a dangwala wa kaza.

Uwargida Ran Gida:
Kada ka tuna mini. Lokacin rajistar BVN na raka surukata wani banki, tsohuwa ce da ta yi shekara 50 tana surfe da wanki. Na'ura ta ƙi karɓar yatsanta. Yarinyar da ke wurin ta goge da auduga, ta sa ta hura, ta sa ta shafa a goshi, shiru. Sau uku muna komawa, kuɗin mota kawai ya ishe mu. A na ƙarshe tsohuwa ta dubi yatsan ta ce, "Wannan da ya ciyar da 'ya'ya tara, yau shi ne ba a sani ba?" Kowa a layin ya yi shiru. Da ƙyar da yatsan hagu aka samu ya shiga.

Nas ɗin Dare:
Allah sarki Mama. Aiki da tsufa suna shafe zanen, magina masu taɓa siminti ma haka suke fama.

Ina karanta ku daga wurin aiki, bari in sa baki. Turawa suna da wata gardama da mu ba mu da ita: wai shin thumb finger ne ko ba finger ba? Wani zai ce maka yana da fingers 10, wani ya ce 8 da thumbs 2. Na ƙafa kuma sunansu daban, toes. Mu kuwa yatsa yatsa ne, na hannu da na ƙafa. A ilimin jiki suna da ɗan uzuri: sauran yatsu ƙashi 3 gare su, shi 2. Kowa ya lanƙwasa nasa yanzu ya ƙirga. Gaɓar gindinsa kuma, can kusa da wuyan hannu, siffar sirdi gare ta, ita ke ba shi damar juyowa ya fuskanci sauran ya taɓa kan kowanne. Likitocin da ke ƙiyasta naƙasa suna ba shi kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu. Wanda bai yarda ba ya naɗe shi cikin tafi ya gwada ɓalle maɓallin riga ko ɗaure tazuge.

Abu na farko da aka koya mana a makaranta kuma: kada ka ji bugun jinin mara lafiya da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, sai ka ƙirga naka ka rubuta wa wani.

Baba Hedimasta:
Shi ya sa ake masa kirari, babban yatsa ko ba ka cin tuwo ka iya ɓare malmala. Amma ga abin mamaki 'yata, duk da wannan daraja, Bature in zai ce mutum ba ya iya riƙe komai, komai ya taɓa sai ya ɓarar, sai ya ce all thumbs, wato duk yatsunsa manya ne. Sarki goma a gari ɗaya.

Malama Mai Alli:
Baba wannan fassara taka zan ara in kai aji. Irinsu suna da yawa, kuma in ka fassara kai tsaye sai ka yi ɓarna. Under her thumb shi ne mijin-ta-ce, sai yadda aka yi da shi. Mu tafin hannu muke sa mutum, su ƙarƙashin yatsa. Green thumb na Amurkawa, wanda mutanen Ingila ke ce wa green fingers, shi ne mutumin da duk abin da ya dasa sai ya kama, kamar yadda muke cewa wance tana da hannun kiwo. Twiddle your thumbs zaman kashe wando. Thumb a lift kuma a tsaya bakin titi a ɗaga yatsa ana neman a rage wa mutum hanya. Wata shekara na ba da stick out like a sore thumb a jarrabawa, wani yaro ya rubuta mini wai mutum ne ya yi karkare. Ban iya ba shi sifili ba, don ya ga hoton daidai: yatsa mai ciwo naɗe da farin tsumma, kowa sai ya kalla. Nufin dai mutum ya fita daban a cikin taro, fitar da ba ta yabo ba.

Alaramma Ƙarami:
Allah ya gafarta malamai. Abban 'Yan Biyu ya buɗe zancensa da cizon yatsa, ba wanda ya tanka. A wurinmu nadama ce, kuma Alƙur'ani ya zo da hoton: a Suratul Furƙan aya ta 27, ranar da azzalumi zai ciji hannayensa. A Ali Imrana aya ta 119 kuma, masu cizon kan yatsu don tsananin takaici. Na taɓa jin wai a Turanci abin daban ne. Sannan da Larabci sunan wannan yatsa ibham, kuma kalmar nan ita ce dai ake amfani da ita ga magana mai duhu wadda ba a fayyace ba, inda muka samu mubhami.

Malama Mai Alli:
Daban ne ƙwarai, Allah ya gafarta Malam. A Ingila ta zamanin Shakespeare, ka ciji babban yatsanka kana kallon mutum tsokana ce, kamar ka yi masa daƙuwa. Da wannan faɗan farko ya tashi a wasan Romeo and Juliet, bayin gida biyu a kan titi, ɗaya ya ciji yatsa, ɗaya ya ce da mu kake? Duk shekarar da muka karanta wurin sai ɗalibai su ɗauka bawan nadama yake yi, su rasa dalilin da ya sa aka zare takubba.

Sarkin Gardama:
Kafin a tashi, ni fa akwai inda zan kama ku duka. Kuna ta gyara wa Anti Turanci, ku naku fa? Babban yatsa ne ko babbar yatsa? Na ga Hajiya can a wani zaure tana rubuta babbar.

Uwargida Ran Gida:
Haka muke faɗa a gidanmu, kuma ba zan sauya ba.

Baba Hedimasta:
Duka biyun ana faɗa, yaro. Nemi wata rigimar.

Abban 'Yan Biyu:
Jama'a na dawo da rahoto. Na je da safe, na samu malamar kafin a buga ƙararrawa. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi shekara 22 ba, yara 58 a ajinta, ga alli har a gira. Duk jawabin da na shirya a mota sai ya tsere. Na dai ce mata Hassana ce ta yi mini tambayar da ta fi ƙarfina, na je na nemo amsa, ko za ta so ta gani. Na miƙa mata wayar ta karanta bayanin Malama tun daga þuma har thimble. Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce ita ma haka malaminta ya koya mata, kuma comb da climb da lamb duk da b take faɗarsu. Ta kwafe jerin a bayan rajista. Har na juya zan tafi ta kira ni, ta ce, "Abban Hassana, don Allah tambayar mini ita, Wednesday fa? Gobe ranakun mako za mu yi."

Malama, ga ki ga Laraba.